Ni Na Yi wa Hammawa Wanka

Litinin, 6 ga Oktoba, bayan magariba

Hammawa ya rasu. Ni na yi masa wanka.

Talata, 7 ga Oktoba, ƙarfe shida da rabi na safe

Jiya layi ɗaya na iya rubutawa, hannuna ya ƙi. Don bayanan taro na sayi littafin nan, ga shi abin da ya fara shiga cikinsa gawa ce.

Shekarata shida ina sakataren reshenmu na ƙungiyar 'yan ƙwadagon gona a nan Azare, kuma duk wanda ya san ni ya san bakina ne sana'ata. Na tsaya gaban masu gonaki, na tsaya gaban jami'ai, ban taɓa rasa abin faɗa ba sai jiya.

Katin ƙungiya na tafi kai wa mutanenmu na gonar waken nan ta bakin kogi, gaba da Katagum kaɗan. Su talatin da ɗaya ne, baƙi daga arewacin Yobe, gonakinsu sun gagare su shiga suka zo neman na abinci. Wata biyu ina lallaɓa su kafin su yarda su shiga ƙungiya, kuma Hammawa ne ya fara cewa a rubuta shi. Shi ne babban masu feshin maganin ƙwari, su tara. Dogo ne mai shiru, sai ka ce masa ya zauna sau biyu kafin ya zauna.

Ina sauka daga babur na ga mutane cirko-cirko a bakin bukkarsa. Wai tun Asabar yake amai da gumi, ya ce zazzaɓi ne, ya hana a kai shi ko'ina. Da hantsi ya cika.

Sherif, manajan gonar, shi ya tare ni ya riƙe mini hannu da hannayensa biyu. Ya ce, "Malam Zayyad, Allah ne ya jefo ka. Limamin ƙauyen ya tafi Itas, waɗannan kuwa baƙi ne, ba wanda ya iya. Kai kuma kowa ya san gidanku gidan wanka ne. Ka taimaki bawan Allah."

Ba ƙarya ya yi ba. Baba ya shekara arba'in yana wanke mamatan unguwarmu, da ya rasu abin ya dawo kaina. Me zan ce? Na dubi Gali, ƙanin mamacin, magidanci da shi yana zaune a ƙasa ya haɗa kai da gwiwa, ko ɗagowa bai yi ba. Na naɗe hannun riga na shiga. Sherif ya ce shi zai zuba mini ruwa, har na ji ya burge ni.

Muka juya shi kan gefensa.

Ba zan rubuta ba. Baba ya sha gaya mini cewa abin da mai wanka ya gani a jikin mamaci amana ce, ba a gaya wa mata, ba a gaya wa aboki, da shi ake shiga kabari. Ban taɓa tambayarsa ko takarda tana ciki ba, amma ina jin tana ciki. Na dai ɗaga kai na dubi Sherif, shi kuma yana duban butar da ke hannunsa. Kafin la'asar mun binne shi.

Laraba, 8 ga Oktoba, ƙarfe biyu na rana

Warin nan ya ƙi barin hannuna, kamar kananzir da tafarnuwa. Na wanke da sabulu, na wanke da toka, na goga lemun tsami. Matata Zinatu ta ga ina cin tuwo da cokali ta ce, "Baban Humaira, yau kuma bature muka samu a gidan?" Na yi mata dariyar da ba ta kai ciki ba.

Kwamared Bappayo, shugaban reshenmu, ya kira ni a waya. Shi ba ya kwana-kwana. Ya ce, "Sakatare, me ya kashe mutumin nan?" Na ce sun ce zazzaɓi ne. Ya ce, "Su suka ce. Kai me ka ce?" Na ce masa layin ba kyau, ba na jin sa sosai. Ina jin sa sarai.

Alhamis, 9 ga Oktoba, bayan la'asar

Na koma addu'ar uku. An dafa shinkafa, an yi addu'a, aka shafa, kafin azahar kowa ya koma bakin aiki. Waken ya yi fure, tsutsa ta shigo, Sherif ya ce ba ta san zaman makoki ba.

Ƙafata ce ta kai ni gindin tsamiyar da suke ajiye tankunan feshi, ba ni na aike ta ba. Guda tara a jere, irin waɗanda ake goyawa. Wata biyu ina wucewa ta gabansu ban taɓa juya ko ɗaya ba. Yau na juya su duka. Bakwai sun tsage, kuma duk ta gefen da ke kwanciya a bayan mutum. An liƙe su da narkakkiyar roba, wani an ɗaure shi da tsohon tiyub na babur. Na shafa ɗaya, hannuna ya jiƙe, ga warin nan. Maganin kuwa cikin jarkoki ruwan ɗorawa yake, ba suna, ba takarda, ba komai a jikinsu.

Na tsaya a wurin ban san tsawon lokacin ba. Ni da nake yi musu wa'azin takunkumi da safar hannu a kowane zama, ban taɓa tunanin in duba bayan tanki ba.

Ina nan tsaye Gali ya zo ya ɗauki wanda ya fi kowane faci. Na ce, "Gali, bar wannan, ɗauki wancan." Ya ce, "Na Hamma ne, Malam. Ni zan goya." Hamma yake ce wa yayansa, kamar yadda suke yi da Fillanci. Na ce yana yoyo. Ya ce duk suna yoyo, ai gumi ma jiƙa mutum yake. Ya saɓa abinsa ya tafi, ni kuma na bi bayansa da kallo kamar wawa.

Da zan tafi Sherif ya rako ni har bakin babur. Ya rage murya ya ce, "Malam, Allah ya biya ka aikin ranar nan. Ni da kai yanzu amana ta haɗa mu." Ya faɗe shi da murmushi.

Asabar, 11 ga Oktoba, ƙarfe goma na safe

Na sami mafita, ko dai na ce wa kaina na samu. Ba sai na buɗe baki a kan mamaci ba, tankunan ai kowa yana iya ganinsu. Na rubuta wa gonar takarda da sunan ƙungiya: a sauya tankuna bakwai, a ba kowane mai feshi rigar ruwa, a nuna mana sunan maganin. Takarda ta yi kyau, har Bappayo ya ce Hausata ta fi ta gidan rediyo. Sannan ya cire tabarau ya ce, "Amma ka san ba wanda zai tsayar da feshi a tsakiyar fure don tanki yana ɗiga. Sai an nuna ya taɓa wani." Na ce a fara da wannan tukuna.

Litinin, 13 ga Oktoba, bayan azahar

Sun amsa. Tanki biyu sababbi, rigar ruwa biyu. An ba mutum biyun da ke feshi ta bakin hanya, inda masu wucewa ke gani. Sauran sai bayan girbi, in ji Sherif. Gali yana nan da na Hamma.

Laraba, 15 ga Oktoba, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Innalillahi. Bari in zauna tukuna.

Babur ya lalace, na je tasha na shiga motar Katagum. Direba bai san ni ba, yana hira da wani fasinja a kan mutuwar baƙon nan na gonar wake. Fasinjan ya ce shi ya ji ana cewa magani ne. Direba ya kaɗa hannu ya ce, "Wane magani! Sakataren ƙungiyarsu da kansa ya wanke shi, wani Malam Zayyad, mutumin da ba ya raga wa masu gona. Da ya ga wani abu, kana jin zai yi shiru? Manajan ma cewa ya yi duk mai shakka ya je ya tambaye shi."

Fasinjan ya ce to in haka ne shi ke nan, ajali ne.

Na sauka daga motar na ce na yi mantuwa. Na zo na zauna a ofis. Ashe ba rufe mini baki kawai aka yi ba, shiruna ma an ɗauka ana yawo da shi gari-gari a matsayin shaida. Sunan da na yi shekara shida ina ginawa, shi aka shimfiɗa a kan abin. Yanzu nake tambayar kaina ko limamin nan ya je Itas ɗin ma.

Alhamis, 16 ga Oktoba, da hantsi

Na kira Sherif. Na yi niyyar in zazzage masa, na shirya kalmomina tun a masallaci. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Haba Malam. Ni ban ce ka ce lafiya lau ba. Cewa na yi ba ka ce komai ba. Ƙarya na yi?"



Ya ce, "Kuma kai malami ne ɗan malami, ka fi ni sanin hukuncin wanda ya tona asirin gawa. A gaishe da iyali."

Ya kashe wayar. Ina ta tunanin yadda ya riƙe mini hannu da hannu biyu ranar nan.

Asabar, 18 ga Oktoba, bayan magariba

Na je gonar da sunan raba katin da ban raba ba. Da rana tsaka Gali ya ce yana son ganina, ya ja ni bayan bukkoki inda ba kowa. Ya rame. Idanunsa sun yi ja, yana yawan haɗiye yawu. Riga biyu ce a jikinsa a wannan zafin, ta ciki da ta waje. Ban tambaye shi dalili ba.

Ya daɗe yana tona ƙasa da yatsan ƙafa kafin ya ce, "Malam, ka yi haƙuri da tambayar. Da ka wanke Hamma, ka ga wani abu a jikinsa?"

Su mutanen nan ba sa tuɓe riga a gaban junansu, balle ƙani a gaban yaya. Bukka ɗaya suke kwana, amma Gali ya ce rabonsa da ganin bayan Hamma tun suna kiwo. Ciwo ma ba sa nunawa, a wurinsu abin kunya ne. Saboda haka duk duniya mutum biyu ne suka gani, ni da wanda ya zuba ruwa.

Na buɗe baki, wallahi na buɗe. Sai na ji muryar Baba. Na ce, "Gali, ɗan'uwanka ya tafi da tsarkinsa. Addu'a yake buƙata."

Ya dube ni, ya ce, "To, Malam. Na gode." Ya koma ya ɗauki tankin.

Lahadi, 19 ga Oktoba, da safe

Ban yi ƙarya ba. Na sake duba abin da na ce masa, babu ƙarya a ciki.

Talata, 21 ga Oktoba, bayan la'asar

Na je Misau wurin Malam Abdurrahim, abokin karatun Baba. Ya tsufa ƙwarai, amma kansa garau. Na gaishe shi, na kewaya na kewaya, na ce wani ne ya aiko ni da tambaya. Ya ce, "To wanin ya gyara zama ya faɗi tambayarsa, tunda ga shi a gabana."

Na ce, "Allah gafarta Malam, mai wanka ne ya ga wani abu a jikin mamaci, kuma yana tsoron abin zai sami masu rai."

Ya ce, "Abin da ya gani, laifin mamacin ne ko aibin halittarsa?" Na ce a'a, ɗora masa aka yi. Ya ce, "To asirin wa yake rufewa? An ce ka suturta mamaci don kada a ci mutuncinsa ba ya iya kare kansa. Ba a ce ka suturta wanda ya cuce shi ba. Ka faɗa wa wanda zai iya hana ɓarnar, gwargwadon buƙata, kada ka ƙara, kada ka yi hira da shi a majalisa. Da mahaifinka yana raye haka zai gaya maka."

Na yi godiya na fito. Ya kamata in ji sauƙi, amma nauyi na ji. Tunda littafina ne bari in faɗi gaskiya: na je Misau ne ina fatan a ce mini in yi shiru, don in sami wanda zan jingina da shi. Yanzu ba ni da kowa. In na yi magana yau, tambayar farko da za a yi mini ita ce ina nake kwana goma sha biyar.

Alhamis, 23 ga Oktoba, ƙarfe huɗu na yamma

An yi rasuwa a unguwa, dattijon gidan da ke kallon masallaci. Aka aiko mini kamar kullum. Na shiga, na yi, na fito. Babban ɗansa ya riƙe ni a soro yana hawaye, ya ce, "Malam, shi ya sa ba ma kiran kowa sai gidanku. Tun zamanin mahaifinka ba a taɓa jin komai ya fito daga bakinku ba."

Ya faɗa ne don ya yaba mini. Na dawo gida na kasa cin abinci.

Zinatu ta zauna kusa da ni ta ce ita ba ta tambaye ni abin da na gani ba, kuma ba za ta tambaya ba, amma mako biyu ke nan tana zaune da wani mutum da ba ta sani ba. Ta ce, "Kai da in ka fara magana sai an roƙe ka ka tsaya." Na ce gajiya ce. Ta ɗauke kwanon.

Juma'a, 24 ga Oktoba, bayan sallar Juma'a

Bappayo ya yi ta bugawa har an sa zama ranar Litinin a zauren mai garin ƙauyen. Jami'in ƙwadago zai je, mai gonar zai turo wakili. Na gaya wa Bappayo ina da magana, amma sai a can, gaban waɗanda za su iya tsayar da abin, kamar yadda Malam Abdurrahim ya ce. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Gobe da jibi suna feshi, ka sani?" Na ce na sani. Kwana uku ne kawai.

Asabar, 25 ga Oktoba, da rana

Yau suna feshi. Ina gida.

Litinin, 27 ga Oktoba, bayan magariba

Ban san ta inda zan fara ba.

Zauren ya cika. Mai gari da dattawansa a kan darduma, jami'in ƙwadago da fayil ɗinsa, wakilin mai gona, Sherif, Bappayo da ni. Ma'aikatan suna waje a zaune cikin rana, ba wanda ya ce su shigo.

Bappayo ya yi bayanin tankuna. Sherif ya ce an fara sauyawa, kuma shekara uku ana feshi da su ba wanda ya ce ko kansa ya yi ciwo. Da aka zo kan Hammawa ya buɗe hannuwa ya ce, "Ranka ya daɗe, ga wanda ya wanke shi nan zaune, nasu ne ba namu ba. A tambaye shi."

Jami'in ya juyo ya ce, "Malam Zayyad, ka ga wani abu?"

Na miƙe. Tun asuba nake maimaita abin da zan faɗa, kalma goma sha biyu ce kacal. Kafin in fara, wani dattijo a gefen mai gari ya yi gyaran murya ya ce, "Af, yau kuma mai wanka ake tambaya? Wannan ai ba a yi." Sauran suka gyaɗa kai. Duk idanun zauren suka dawo kaina, irin kallon da ake yi wa mutumin kirki da aka san ba zai ba da kunya ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, wanka amana ce." Na zauna.

Ni na faɗi haka, da bakina, bayan Misau, bayan komai. Bappayo bai dube ni ba. Jami'in ya fara rufe fayil.

Sai ga Gali a bakin ƙofa. Ya cire takalmi, ya shigo da rarrafe, ya gaishe da mai gari yadda ya kamata. Sannan ya juya wa mai gari baya, abin da ba a yi, har wani ya fara tsawata masa. Ya cire rigar sama. Ta cikin ta manne da jikinsa, ya kama ta da hannu biyu ya ja, na ji ƙarar ɓantarewarta daga inda nake.

Wannan zan rubuta, don mai rai ne kuma shi ya nuna. Daga kafaɗa har ƙugu babu fata. Ja ne jawur, gefe-gefe ya yi baƙi, ruwa yana tsatsowa. Girman tankin ne daidai, har da layi biyu inda igiyoyin suke bi ta kafaɗa. Warin nan ya cika zauren.

Dattijon da ya hana a tambaye ni ya rufe fuska da hannun riga yana salati. Gali kuwa kansa a sunkuye, kunya tana neman kashe shi fiye da ciwon.

Sai a lokacin na ji muryata tana fita, kamar ta wani. Na ce, "Irinsa na gani a bayan Hammawa. Nasa ya fi wannan. Manaja ne ya zuba mini ruwa, shi ma ya gani."

Na faɗa, amma a lokacin ba wanda yake buƙatar in faɗa. Mutum huɗu daga waje suka shigo ɗaya bayan ɗaya suka juya baya su ma. Nasu bai kai na Gali ba. Da aka waiwaya neman Sherif, ya fita amsa waya bai dawo ba.

Gali ya faɗi a bakin zauren lokacin da yake neman takalminsa. A motar jami'in muka kawo shi asibiti a Azare, a kife, kansa a kan cinyata.

Talata, 28 ga Oktoba, ƙarfe ɗaya na rana

An tsayar da feshi. Mai gari ya sa an kulle tankunan da jarkokin a gidansa, jami'in ya ɗebi maganin a kwalba ya tafi da shi. Har yanzu ba wanda ya san sunansa. 'Yan reshe sai kira suke suna yi mini barka, wai sakatare ya fasa ƙwai. Bappayo kaɗai bai kira ba.

Likita ya ce abin bai tsaya a fata ba, ya shiga jiki, suna iya ƙoƙarinsu. Na tambaye shi da an kawo shi kwana goma da suka wuce fa. Ya ce in bar wannan tambayar.

Laraba, 29 ga Oktoba, da safe

Bai farfaɗo sosai ba. An aika wa matarsa.

Alhamis, 30 ga Oktoba, bayan la'asar

Yau ya gane ni. Yana kwance a kife, an rufe bayan da auduga, numfashinsa yana ƙara. Wata nas tana gyara masa ƙarin ruwa. Na durƙusa daidai fuskarsa na ce sannu.

Ya ce, "Malam, ranar da na tambaye ka, nawa bai wuce tafin hannu ba. Na ce a raina in Malam ya ce Hamma yana da irinsa, zan ajiye tankin ko za a kore ni. Da ka ce babu, sai na ce to ƙurji ne."

Na ce, "Ban ce babu ba, Gali."

Ya ce, "Ba ka ce akwai ba."

Ba da faɗa ya yi maganar ba. Da ma ya zage ni. Na nemi gafararsa, ya ce wannan tsakanina da Allah ne, shi wata alfarma yake nema. Na ce ya faɗi ko mene ne.

Ya huta, sannan ya ce, "In Allah ya yi nasa ikon, kada kai ka wanke ni. A nemo wani. Abin da ke bayana ka gan shi ina da rai, ba amanar kowa ba ce. Ina so ka tsaya a waje, don in an tambaye ka ka iya amsawa."

Na ce masa to.

Ya ce in sake faɗa da ƙarfi, don nas ɗin ta ji.